Isar da Abincin Tamowa a Katsina: Inda Aiki ke Neman Bincike

Sufurin kayan agaji fanni ne da ya ƙunshi sayen kaya da adana su da ɗaukarsu har su isa hannun mabuƙaci a kan lokaci, kuma masana sun kiyasta cewa yakan cinye kusan kashi 80 cikin 100 na kuɗin agaji. Jami'o'i ba su ɗauke shi a matsayin ilimi mai zaman kansa ba sai bayan ambaliyar teku da ta auka wa Asiya a 2004, lokacin da kaya suka cushe a filayen jiragen sama alhali mutane na jira. Daga nan aka kafa cibiyar HUMLOG a ƙasar Finlan a 2008, inda malamai da ma'aikatan agaji ke bincike tare.

A Katsina, wannan batu ya rataya ne a kan ƙunshin abincin tamowa, wato cakuɗen gyaɗa da madara da sukari da mai wanda ba ya buƙatar dafuwa. Ƙunshi ɗaya giram 92 ne, katon yana ɗauke da 150, kuma kusan katon guda ake buƙata kafin yaro mai tamowa mai tsanani ya farfaɗo. Lissafin kamar mai sauƙi ne, amma buƙatar tana ninkuwa daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro ya yi tsanani, ruwa ya ɓata hanyoyi, ga kuma 'yan bindiga da suka sa zuwa wasu ƙauyukan Jibiya da Batsari ya zama kasada. Kayan da ba a jibge tun bazara ba, da wuya su riski yaron da ya rame a tsakiyar damina. Ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa, wadda ke aikin tamowa a jihar tun 2021, ta ce yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na Katsina a watanni shida na farkon 2025.

Ma'aikacin da ke rumbun ajiya ya san ranar da kaya suka yanke da hanyar da direbobi ke ƙi, sai dai ba shi da sukunin tattara wannan sani ya fitar da ƙa'ida. Malamin jami'a kuwa yana da dabarun hasashe da ƙididdiga, amma sau da yawa alƙaluman aiki ba sa isa teburinsa. Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar, ta nuna amfanin haɗa su, domin a can ne, a yunwar 2005, aka gwada a kan dubban yara cewa uwa za ta iya karɓar abincin ta ciyar da ɗanta a gida, abin da ya rage cunkoson gadajen asibiti, kuma a can Epicentre, reshen bincike na Ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa, yake da cibiya.

Tambayoyin Katsina a fili suke: katon nawa ya kamata a ajiye a Mashi ko Jibiya kafin ruwa ya sauka, ta wace kafa abincin ke sulalewa zuwa kasuwa, kuma me zafin bazara ke yi wa kayan da ke ajiye. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Al-Qalam suna cikin gari, ta Tarayya tana Dutsin-Ma, saboda haka ya kamata Ma'aikatar Lafiya da ƙungiyoyin agaji su buɗe musu littattafan ajiya, su kuma malaman su riƙa kammala bincike kafin damina ta kama.