Idan Kayan Gyaran Mota Suka Jawo Ɓarna, Wa Zai Biya?

A garuruwa kamar Yamai, Maraɗi da Damagaram, mai mota kan sayi birki ko taya ko wayar lantarki a kasuwa, makaniki ya ɗaura masa. Wani lokaci abin yana da aibi a ɓoye. Birki ya tsinke, mota ta rushe katangar wani ko ta auka rumfar ɗan kasuwa; ko kuma waya ta kama wuta, motar ta ƙone. A nan gardama ke tashi, kowa na tura laifi ga wani. To, doka ta raba wannan magana gida biyu.

Na farko shi ne wanda aka yi wa ɓarna. Shi ba ruwansa da mai sayar da kaya, mai mota zai riƙe. Aya ta 1384 ta kundin Code civil ta ɗora wa mutum alhakin ɓarnar da abin da ke hannunsa ya yi. Ban da wannan, Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu ga yarjejeniyar CIMA a Yawunde a 1992, kuma aya ta 200 ta kundinta ta tilasta wa kowane mai mota ya yanki asiransi domin biyan waɗanda motarsa ta cuta. Saboda haka kamfanin asiransi ne zai biya mai katanga. Amma wannan asiransi na dole ba ya biyan gyaran motar mai ita.

Na biyu shi ne mai motar. Hanyarsa ita ce ya koma kan wanda ya sayar masa da kayan. Aya ta 1641 ta ce mai sayarwa ne ke ɗauke da alhakin ɓoyayyen aibi wanda ya hana abu yin aikinsa. Mai saye yana da zaɓi: ya mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa, ko ya riƙe a rage masa farashi. In ya tabbata mai sayarwa ya san da aibin ya yi shiru, aya ta 1645 ta wajabta masa biyan diyyar dukan asarar da ta biyo baya. Aibin da ke a fili kuwa ba ya cikin wannan lissafi, don wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Jinkiri na kashe haƙƙi. Aya ta 1648 ta ce a kai ƙara ba da daɗewa ba. In cinikin tsakanin ƴan kasuwa ne, dokar OHADA da aka sabunta a 2010 ta ba da shekara 1 daga ranar da aka gano aibin. Kamfanin asiransi ma a sanar da shi cikin wa'adin da ke rubuce a takardarsa.

Duk wannan bai da amfani in babu shaida. Alƙali yana son ganin takardar saye mai ɗauke da sunan kanti da kwanan wata, da rahoton ƴan sanda ko jandarma, da bayanin gwanin da ya duba motar ya tabbatar aibin daga kayan ne, ba daga ɗaurin makaniki ba. Mafi muhimmanci, kada a bari a jefar da ƙarfen da ya karye. Wanda ya sayi birki ba takarda, ya kuma bar tsohon a bola, ya rufe wa kansa ƙofar shari'a.