Yadda mazauna unguwanni a Ingila ke taka wa masu sayar da gine-gine burki

A shekarar 2013 ƙungiyar magoya bayan Manchester United, wato MUST, ta nemi ƙaramar hukumar Trafford ta sanya filin wasa na Old Trafford cikin jerin kadarori masu muhimmanci ga al'umma, hukumar kuma ta amince. Fargabar magoya bayan ita ce kada iyalan Glazer, Amurkawan da suka sayi kulob ɗin da bashi a 2005, su wayi gari su cefanar da filin ba da sanin kowa ba. A shekarar ce kuma magoya bayan Liverpool suka yi wa Anfield irin wannan rajista.

Abin da ya ba su wannan dama shi ne dokar Localism Act ta 2011, wadda wannan sashe nata ya fara aiki a Ingila a watan Satumban 2012. Ba sai babbar ƙungiya ba: mutum 21 da ke da rajistar zaɓe a yankin sun isa su shigar da buƙata kan ɗakin karatu, filin ƙwallon yara, ɗakin taro ko shagon ƙauye. Ƙaramar hukuma na da mako takwas ta yanke hukunci, kuma idan ta amince wurin zai shekara biyar a cikin jerin. Gidajen zama ba sa ciki.

Daga nan mai wurin ba zai iya sayarwa a ɓoye ba. Dole ya sanar da hukuma, a bai wa jama'a mako shida su ce suna so. Idan suka ce suna so, sai a dakatar da ciniki har wata shida domin su nemo kuɗi.

Hakan ya yi aiki a unguwar Nunhead da ke kudancin Landan. An rufe The Ivy House, wata tsohuwar mashaya da makaɗa ke wasa a cikinta, a 2012, aka sayar wa masu son mayar da ita gidajen kwana. Mazauna unguwar suka yi mata rajista, suka haɗa rance da tallafi, suka saye ta a 2013 kan fam 810,000, sannan ɗaruruwan mutane suka sayi hannun jari a ciki.

To sai dai a nan gizo ke saƙar. Dokar lokaci kawai ta bayar, ba ta tilasta wa mai wuri ya sayar wa jama'a ba. Da zarar wata shidan ya cika, yana iya sayar wa wanda ya ga dama kan farashin da ya ga dama, ko da mutanen unguwa sun haɗa kuɗin. Kuma wata shida ba wani lokaci ba ne ga unguwar talakawa da ba ta da lauya ko akanta a cikinta. Ko a Old Trafford ɗin ma, idan hannun jarin kulob aka sayar, ba filin shi kaɗai ba, rajistar ba ta hana komai.

A Sikotilan lamarin ya fi ƙarfi. Mazauna tsibirin Eigg, waɗanda ba su kai mutum 70 ba, sun gaji da masu tsibirin da ba sa zama a can, suka saye shi a 1997 kan fam miliyan 1.5 da gudummawar jama'a. A 2008 suka kafa tsarin wutar lantarki nasu na ruwa da iska da hasken rana, yau kuma yawansu ya haura 100. Dokar sake fasalin ƙasa ta 2003 ta zo ta bai wa al'ummar da ta yi rajista fifiko: idan za a sayar, ita ake fara yi wa tayi, a farashin da mai ƙiyasi mai zaman kansa ya yanke.

Irin wannan fifiko ne ƙungiyoyi a Ingila suka daɗe suna nema. A watan Yulin 2025 gwamnatin jam'iyyar Labour ta gabatar wa majalisa ƙudirin da ya tanadi a fara yi wa al'umma tayi, tare da tsawaita wa'adin neman kuɗi daga wata shida zuwa wata 12.