Siyasar waje ta Nijar, idan aka dube ta daga kasuwar Mirriya

Wanda ya shiga kasuwar Lahadi ta Mirriya zai ga tukwane da tulunan garin jere a ƙasa, ga kayan lambu da aka ɗebo daga garake, ga tumaki da awaki a turke. Amma in ya ƙara gaba kaɗan zai tarar da takalman roba da bokitai da yadi da sabulu, mafi yawansu ta hanyar Kano suka iso. Wannan ba abin mamaki ba ne. Daga Damagaram zuwa Kano tafiyar kilomita kusan 240 ce, alhali zuwa Yamai sai an ci kusan 900. Duk shawarar da mahukunta za su yanke kan hulɗa da ƙasashen waje, a nan ake fara jin daɗinta ko zafinta, don haka ya kamata a auna ta da ma'aunin wannan hanya ta kudu.

Iyakar da ta raba Damagaram da Daura da Kano ba ta tsufa kamar cinikin da ke ƙetare ta ba. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, birnin Zinder zango ne na ayarin da ke tsakanin Kano da Tarabulus, kuma ƙasashen Sosebaki irin su Mirriya suna ƙarƙashin ikonsa. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layi a 1898, suka sake gyara shi a 1904 da 1906, domin Faransa na neman hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi. Ba a tambayi manomi ko bafatake ba. Shi ya sa har yau ake aure da zumunci tsakanin Magarya da Baɓura, ko Matamaye da Daura, kamar babu wani shinge.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda ya kawo Janar Abdourahamane Tiani, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi ranar 30 ga watan. An rufe ƙofofin iyaka irin su Ɗan Barto da Maigatari, Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa ta layin Katsina zuwa Gazawa, wadda Maraɗi da Damagaram suka dogara da ita. Magani ya yi wuya, farashin abinci ya tashi, kaya suka koma bin hanyoyin daji a kan babura, mai saye shi ke biyan kuɗin wahalar. Ba a janye takunkumin ba sai ranar 24 ga Fabrairun 2024, iyaka kuma ta buɗe a watan Maris. Wannan mataki zalunci ne ga talaka, kuma bai mayar da hamɓararren shugaba Bazoum kan kujera ba. Duk mai adalci a Najeriya ya san haka, shi ya sa malamai da sarakunan Arewa suka yi ta kai gwauro suna kai mari don hana CEDEAO kai wa Nijar yaƙi.

To amma ciwon da aka ji bai kamata ya zama tushen siyasa ba. Nijar ta sallami sojojin Faransa a Disambar 2023, na Amurka suka bar Agadas a 2024, ta haɗa kai da Mali da Burkina Faso a ƙawancen AES, sannan ficewarta daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Haƙƙin ƙasa ne ta zaɓi abokanta, kuma fushin jama'a da Faransa yana da dalilai masu tsawon tarihi. Matsalar ita ce lokacin da aka fara ɗaukar maƙwabciyar kudu tamkar baƙuwa. A Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi da wake sai zuwa Mali da Burkina, a Mayun 2025 kuma ta dakatar da fitar da dabbobi gab da babbar salla. Niyyar ita ce farashi ya sauka a gida, kuma magidanci a birni ya ɗan samu sauƙi. Sai dai manomin Mirriya da ya tara wake, da makiyayin da ya shekara yana kiwon rago, ba su da ciniki a Bamako ko Wagadugu. Kasuwarsu Maigatari ce da Dawanau.

Wani zai ce tsaro ya fi ciniki, kuma makamai da 'yan bindiga ta iyakar nan suke shigowa. Gaskiya ne, amma wannan hujja ce ta ƙara haɗa kai. Ɗan bindigar da ke tsere daga Katsina ko Zamfara zuwa dajin Maraɗi yana cin moriyar rashin jituwar sojojin ɓangarorin biyu, kuma janyewar Nijar daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Cadi a Maris 2025 ba ta rage wa mutanen Diffa fargaba ba. Wani kuma zai ce yanzu Nijar na da man fetur ɗinta. Matatar SORAZ da ke arewacin Zinder, wadda aka buɗe a 2011, ganga 20,000 take iya tacewa a rana, amma duk da haka a Maris 2025 layukan motoci sun cika gidajen mai, har aka nemi ɗauki daga Najeriya.

Ziyarar da ministan harkokin wajen Najeriya na lokacin, Yusuf Tuggar, ya kai Yamai a Afrilun 2025, inda ya gana da takwaransa na Nijar, Bakary Yaou Sangaré, ta nuna ƙofar magana ba ta rufe ba. Abin da ya rage shi ne ƙasashen biyu su rubuta yarjejeniya tsakaninsu, ba sai ta hannun wata ƙungiya ba, wadda za ta tabbatar cewa ko an yi saɓani a fada, ba za a sake yanke wuta ko tare abinci da magani ba. Sarakunan Damagaram da Daura da Gumel, da 'yan kasuwa da malamai na ɓangarorin biyu, su ne ya kamata su matsa a kan wannan tun yanzu, kafin wata rigimar ta taso.