Dokar Kare Bayanan Jama'a Ta Iso Shagon Mai Gyaran Famfo A Azare

A garin Azare, hedkwatar Masarautar Katagum, mai gyaran famfo yana cikin 'yan tsirarun mazan da ake yi wa izinin wuce zaure, har a gidan da aka rubuta wa "ba shiga". Don haka abin da ya sani game da abokin cinikinsa ya wuce na ɗan tireda ko mai sayar da siminti. Ya san fasalin gidan, ya san inda tanki da rijiyar burtsatse suke, ya kuma san lokacin da maigida ba ya gari. A da, duk wannan a kansa yake ajiye shi. Yanzu kuwa mafi yawansa yana cikin wayar salula: suna, lamba, kwatancen gida, shaidar biyan kuɗi ta banki, da hoton banɗakin da aka aiko masa ta WhatsApp don ya ga inda ruwa yake yoyo.

Waɗannan su ne abubuwan da doka take kira bayanan mutum. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC a ƙarƙashin jagorancin Dakta Vincent Olatunji. Kafin nan akwai ƙa'idojin da hukumar NITDA ta fitar a 2019. Dokar ta keɓe wanda ya ajiye bayanai don harkar kansa ko ta iyalinsa, amma wannan sassauci bai shafi mai sana'a ba, ko da shi kaɗai ne da jakar kayan aikinsa a bayan babur.

Ba kowa ne aka wajabta wa rajista ba. Rajistar ta shafi waɗanda aka ɗauka manyan masu riƙe bayanai ne, kuma ma'aunin hukumar mafi ƙanƙanta shi ne sarrafa bayanan fiye da mutum 200 cikin wata shida. Mai gyara shi kaɗai da wuya ya kai nan, amma shagon da yake haɗa sayar da bututu da aika yara aiki gida-gida ya kamata ya ƙirga. Tarar ƙaramin mai riƙe bayanai tana iya kai Naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. Na manya kuwa Naira miliyan 10 ne ko kashi 2 cikin 100.

Gaskiyar magana ita ce, hankalin hukumar ya fi karkata ga manyan kamfanoni, kamar yadda ta ci bankin Fidelity tarar Naira miliyan 555.8 a 2024. Abin da ya fi kusa da ƙaramin ɗan kasuwa shi ne wayar da ke aljihunsa. Sau da yawa ba ta da kalmar sirri, yaran shago suna karɓarta don amsa kira, ana kuma barinta a wurin masu caji idan babu wuta. Ranar da aka sace ta, ɓarawo ya sami jerin gidaje da kwatancensu. Doka ta ce idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, a sanar da hukumar cikin sa'o'i 72, in kuma haɗarin babba ne, a gaya wa mutanen da abin ya shafa ba tare da jinkiri ba.

Akwai kuma manhajojin ba da rance. Wanda ya ci bashi a cikinsu don sayen kayan aiki, ya ba su izinin duba lambobin wayarsa, to ya miƙa musu abokan cinikinsa ke nan. A 2021 NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar Naira miliyan 10 bayan koke-koken cewa yana aika saƙonni ga mutanen da ke cikin wayar masu bashi. Alhajin da aka aika wa irin wannan saƙo saboda mai gyaran famfonsa, da wuya ya sake kiransa.

Abin da dokar take nema bai fi ƙarfin kowa ba. A karɓi abin da aikin yake bukata kawai, kada a yi amfani da shi don wata manufa dabam, kuma a share shi idan amfaninsa ya ƙare. Ba wa mai sayar da tanki lambar abokin ciniki don a sami la'ada, ko sa hoton banɗakin wani a Facebook da sunan talla, duk sai da yardar mai gidan. Shi ma yana da ikon tambayar abin da aka ajiye a kansa, ya kuma nemi a gyara ko a goge.

Ga masu neman kwangila a manyan cibiyoyin garin, irin su Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021 da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, akwai wani ƙarin lissafi. Doka ta ɗora wa duk cibiyar da ta ba wani aikin sarrafa bayanai a madadinta nauyin tabbatar da cewa zai kiyaye su, tare da rubutacciyar yarjejeniya. Ɗan kwangilar da aka miƙa wa jerin sunaye da lambobin mazauna gidajen ma'aikata don gyaran famfo, sai ya shirya sa hannu a kan irin wannan takarda.