Ƙasa ta Gwamna Ce? Gaskiya da Ƙarya a Zancen Filaye

Duk ranar da katafila ta rusa wasu gidaje a bayan gari, sai majalisu su ɗauka: wai ƙasa duk ta gwamna ce, ranar da ya ga dama yana iya tashin kowa. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen, amma an sa masa gishiri da yawa.

Dokar Amfani da Filaye ta fito ne a watan Maris na 1978, zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, kuma Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba ta kariya, shi ya sa ba a taɓa ta sai ta hanyar gyaran kundin kansa. Sashenta na farko ya damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, don amfanin 'yan Najeriya. A Arewa wannan ba baƙon abu ba ne, domin kusan haka dokar Turawa ta 1910 da ta Jihar Arewa ta 1962 suka tsara. A idon doka, abin da ke hannunka haƙƙin zama ne da amfani. Gwamna yana iya soke shi, amma sai da sanarwa, kuma sai don buƙatar jama'a kamar hanya ko asibiti, ko idan ka saɓa sharuɗɗan da aka gindaya maka. Inda abin ke damuna shi ne diyya. Ana biyanta a kan abin da ka gina ko ka shuka, ƙasar kanta ba ta cikin lissafi. Manomin da ya gaji gona tun kaka da kakanni sai ya tashi da kuɗin itatuwa da amfanin da ke tsaye. Wannan kam ba jita-jita ba ce, kuma a ganina ya cancanci gyara.

Ƙaryar da ta fi cin kuɗin mutane ita ce wadda dillalai ke rerawa: "Alhaji, ai yana da satifiket, magana ta ƙare." Ba ta ƙare ba. Takardar shaidar mallaka, wadda ake kira C of O, hujja ce mai ƙarfi, amma ana iya kayar da ita. A shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990, Kotun Ƙoli ta nuna cewa satifiket ba ya ƙirƙiro wa mutum haƙƙin da tun asali ba shi da shi. Idan wanda ya sayar maka cinye rabon marayu ya yi, takardar da ka samu ba za ta wanke cinikin ba. Saboda haka a bi salsalar fili: wa ya fara riƙe shi, yaya ya zo hannun wannan, an raba gado ko ba a raba ba. A je ofishin filaye a duba, kamar KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, sannan a tambayi maƙwabta.

Haka kuma ƙarya ne a ce marar satifiket ba shi da komai. Wanda yake riƙe da gida ko gonarsa tun kafin 1978, doka ta ɗauke shi kamar wanda aka ba izini. A ƙauye, ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin gargajiya. Sai dai a Abuja lissafin daban ne, ƙasar ta Gwamnatin Tarayya ce, ministan birnin ke ba da fili, don haka takardar wani dagaci ba za ta tsare ka ba.

To ita takardar mai unguwa fa, mai ɗauke da sa hannun shaidu? Tana nuna an yi ciniki, an biya kuɗi. Amma mayar da haƙƙin filin birni zuwa sunanka, ko jinginar da shi a banki, yana buƙatar amincewar gwamna. Bankin Savannah ya ɗanɗana wannan a 1989, lokacin da Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da wani mai suna Ajilo ya yi masa saboda rashin wannan amincewa.

Shekara 99 da ake tsorata mutane da ita wa'adi ne da aka saba rubutawa a satifiket ɗin gidan zama, kuma ana neman sabuntawa.

Saura rigimar gonaki. Wasu na cewa wanda ya daɗe yana noma gona ta zama tasa. A fiƙihun Malikiyya akwai hauzi: wanda ya riƙe wuri shekara 10 yana sarrafa shi a matsayin nasa, mai shi yana gari, yana gani, bai yi magana ba kuma babu uzuri, to da'awar mai wurin na iya faɗuwa. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo sosai. Amma hauzi ba ya hawa kan aro, haya ko jingina. Wanda aka jinginar wa gona, ko ya shekara 40 yana noma ta, ranar da mai ita ko magadansa suka kawo kuɗin fansa, sai ya saki.