Shirin Musamman: Ciwon Daji da Masu Neman Ƙuri'a, daga Gwarzo zuwa Kabo

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau shirin namu zai ɗauki hanyar Gwarzo, ya ratsa Kabo, da wata magana da ba a cika jin ta a filin kamfe ba. Maganar ciwon daji ce, wanda wasu ke kira sankara, wasu kuma kansa.

A ƙauyukanmu ko sunansa ba a son kamawa. Mace za ta ji ƙullutu a nononta, kunya ta sa ta yi gum. In ta daure ta faɗa wa mahaifiyarta, sai a ce jifa ne, ko a ja mata kunne cewa daji ba ya son ƙarfe, kada ta kuskura a yi mata allura, balle a tsaga. A nufi wurin mai magani, a sha, a shafa, wanzami ya yi sakiya. Wata ya bi wata. Ranar da za a ɗauko ta daga Getso ko Garo zuwa Babban Asibitin Gwarzo, ciwon ya riga ya fashe, sai takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Ba na ganin baiken iyalan nan. Sun ga waɗanda aka yi wa aiki suka rasu, sai suka ɗora laifin a kan wuƙar likita, alhali jinkiri ne ya yi ɓarnar. Wanda aka gano nasa da wuri, sau da yawa yakan warke ya koma harkokinsa.

To, a ce an isa birni. Daga Gwarzo zuwa Kano tafiyar kusan kilomita 70 ce, kuma ba zuwa ɗaya ake yi ba. A je a yanki tsoka don gwaji, a koma karɓar sakamako, sannan a fara ƙarin ruwan maganin daji, wanda galibi bayan kowane mako uku ake komawa. In likita ya ce sai an yi gashi da na'ura, wannan kuma kusan kullum ne har tsawon makonni, wataƙila ma a Shika ta Zariya. Kuɗin mota na mutum biyu, don marar lafiya ba ya tafiya shi kaɗai. Abinci, wurin kwana, yaran da aka baro gida. A sayar da akuya, a jinginar da gona, daga nan a ce an bar wa Allah. Masu sauraro, a wannan gaɓar ce ake rasa mutane da yawa, ga magani a asibiti, amma babu halin ci gaba da zuwa.

(Kiɗa)

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 12,000 ne suka kamu da sankarar bakin mahaifa a Nijeriya, kusan 8,000 kuma suka rasu. Ita wannan tana da rigakafi. A watan Oktoba na 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar kyauta, kuma Kano na cikin jihohin farko. A watan Janairu na shekarar, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe cibiyar kula da masu ciwon daji da gwamnatin Kano ta gina a Giginyu. Gwamnatin Tarayya ma tana da asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Amma wa zai gaya wa matar da ke Kutama cewa akwai wannan asusu? Wa zai cike mata takarda, ya raka ta?

Nan ne aikin sa-kai yake shigowa, nan ne kuma 'yan siyasa suke samun ƙofa. Bari mu duba waɗanda suka riga mu.

Betty Anyanwu-Akeredolu ta yi jinyar sankarar mama, ta tashi, ta kafa ƙungiyar BRECAN a Ibadan a 1997 don mata su daina ɓoyewa. Sai a 2022 ta nemi tikitin takarar sanata a jihar Imo, shekara 25 ke nan bayan fara aikin. Ba ta sami tikitin ba, ƙungiyar kuma ba ta rufe ba. A nan Arewa, Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, likitar yara, ta kafa gidauniyar Medicaid a 2009, tun kafin maigidanta ya zama gwamnan Kebbi a 2015. Ya sauka, aikin bai tsaya ba, har a 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya da ke Janeba. A ɗaya ɓangaren kuma, a 2009 ɗin ne aka yi gagarumin taron neman gudummawa a Abuja don gina katafariyar cibiyar ciwon daji a ƙarƙashin Hajiya Turai 'Yar'adua, uwargidan shugaban ƙasa na lokacin. Aka yi alkawarin biliyoyin naira. Mulki ya sauya hannu a 2010, ginin ya shafe shekaru a kan hanyar filin jirgi ba a duba marar lafiya a cikinsa ba.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ni dai ba na ƙin ɗan takara ya shiga wannan aiki, ko da ƙuri'a yake hange, don marar lafiyar da aka biya wa kuɗin mota ta amfana. Abin da nake tsoro shi ne aikin da aka ɗaure a jikin mutum ɗaya da kujerarsa. Maganin daji in an fara shi aka katse, wahala ce aka ƙara wa mai shi.

Gwarzo da Kabo mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai, kuma ba ta rasa manya ba. Garin Gwarzo kaɗai ya fitar da mataimakan gwamna, Abdullahi Tijjani Gwarzo a 2007 da Aminu Abdussalam Gwarzo a 2023. Ga 'yan kasuwa, ga malamai, ga ma'aikatan lafiya 'yan asalin yankin. Abin da ake buƙata bai kai girman na Giginyu ba. Ɗaki biyu kusa da asibiti sun isa a fara, da ma'aikaciyar jinya mace da za ta riƙa duba mata ba tare da sun ji nauyi ba, da mota mai zuwa Kano a ranakun asibiti, da masauki a birni don masu jinya. Sai kuma waɗanda suka warke, su zauna da sababbin marasa lafiya, don maganarsu ta fi shiga. Limamai da dagatai da ungozomomi su san da wurin, su riƙa turo mutane.

Saboda haka, in mai neman kansila ko ciyaman ko ɗan majalisa ya zo ƙofar gidanku da wannan batu kafin zaɓen 2027, ku karɓe shi hannu bibbiyu, sannan ku tambaye shi. Yaushe ya fara? Kuɗin a asusun wa suke, nasa ko na kwamitin gari? In ya faɗi zaɓe, wa zai biya direba? Kuma za a karɓi matar da mijinta yake wata jam'iyya?

Ga iyayenmu mata da ke saurare kuma, ƙullutu a nono, ko zubar jini bayan an daina al'ada, ko gyambon da ya ƙi warkewa, a je asibiti mafi kusa a cikin makon nan. Maigida, kai ne za ka ba da izini da kuɗin mota.

A nan za mu dakata. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)