Zanen Botticelli Ya Koma Bargo: Wa Ke Da Iko Da Shi?

A birnin Fulorans na ƙasar Italiya akwai wani gidan tarihi da ake kira Uffizi, inda mutane kan yi dogon layi don su ga wani zane wanda Sandro Botticelli ya yi wajen shekarar 1485. Faɗinsa ya kusa mita uku. Yau kuwa duk mai 'yan kuɗi yana iya aikawa ta intanet a kawo masa wannan zane an buga shi a jikin bargo, ya lulluɓa da shi ya yi barci.

Zanen ya samo asali ne daga tatsuniyoyin Girkawan dā. A cikinsu an ce wata gunkiyarsu ta ƙauna, wadda Rumawa suka kira Venus, daga kumfar teku ta fito. Botticelli ya zana ta tsaye cikin wani ƙaton ƙwanso, iska na tura ta zuwa gaɓa, ga wata mace tana jira da mayafi mai furanni don ta suturce ta. Ba shi kaɗai masu barguna suka ɗauka ba. Akwai na John William Waterhouse, Baturen Ingila, wanda a 1891 ya zana jarumi Ulysses ɗaure a jikin sandar jirgin ruwansa don kada waƙar wasu aljanun teku ta ja shi ga halaka.

Shi kansa bargon ba na ulu ba ne, ko da yake yana da laushi kamar gashin ɗan rago. Na zaren roba ne, watau foliyesta, irin barguna marasa nauyi da ake gani a kasuwa da hunturu. Wata masaƙa ta Amurka mai suna Malden Mills ce ta fito da shi wajen 1981, mai ita kuwa, Aaron Feuerstein, bai yi rajistar hana kwaikwayo ba, saboda haka ya bazu ko'ina da arha. Yadda ake sa hoton shi ne, a fara buga shi a takarda da wata irin tawada, sa'an nan a danna takardar a kan yadin da zafi mai kai wa digiri 200. Tawadar sai ta zama tururi ta shige cikin zaren, ta yadda wanki ba ya fitar da ita da sauƙi. Da wannan dabara ana iya buga bargo guda ɗaya tak a ci riba.

To, amma wa ya ba da izini? A yawancin ƙasashen Turai haƙƙin mallakar mai zane yana ƙarewa shekara 70 bayan mutuwarsa. Botticelli ya mutu a 1510, Waterhouse a 1917. Wasu gidajen tarihi ma sun sakar wa jama'a hotunan kayansu: a 2017 gidan Metropolitan na birnin New York ya saki hotuna wajen 375,000, kowa ya yi abin da ya ga dama da su.

Italiya ba ta bi wannan hanya ba. Wata doka da ta kafa a 2004 ta ce duk wanda zai yi ciniki da hoton kayan tarihin da ke hannun gwamnati, sai ya nemi izini, ya kuma biya, komai daɗewar abin. Bisa ga wannan doka ce a watan Oktoba na 2022 gidan Uffizi ya ba da sanarwar kai ƙarar kamfanin tufafi na Jean Paul Gaultier na Faransa, saboda ya buga Venus ɗin Botticelli a riguna da wanduna ba tare da izini ba.

Hujjar Italiya ba ta banza ba ce, gama kula da zanen da ya haura shekara 500 yana cin kuɗi, ana kuma gudun a wulaƙanta shi. Sai dai dokar ta fi kama manyan kamfanoni masu suna da ofis sananne. Ƙananan masu buga barguna ɗaiɗai a wasu nahiyoyi, waɗanda su ne suka fi yawa, da wuya sammacin kotun Italiya ya kai gare su.